Tantanin tace ruwa daga robar bola: me zai yi wa Damagaram, me ba zai yi ba?

Ɗan ƙanwata da ke karatun kimiyyar sinadarai a jami'a ya zo mana hutu cikin bazara. Muna zaune a zaure da hantsi, muna jiran mai ga-ruwa da ya ce zai zo tun asuba, sai ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani farin abu ne kamar takarda, an riƙe shi da hantsaki.

"Kawu, ka san mene ne wannan?"

Na ce ban sani ba.

"Gorar ruwa ce. An narkar da ita, an shimfiɗa ta, yanzu tana tace ruwa."

A ganinsa faɗuwa ta zo daidai da zama. Roba ta yi mana yawa, ga ledoji can a kan aduwar ƙofar gida sun maƙale kamar jemagu, ruwa kuma ya yi mana kaɗan. To, me zai hana a mai da wannan ya zama maganin wancan? Na ce masa abin da ya nuna mini gaskiya ne, masana sun yi shi a ɗakunan bincike na ƙasashe da yawa, kuma yana aiki. Amma damuwa biyu ya haɗa a igiya ɗaya, ta shara da ta ruwa, kuma wannan farin abu ba daidai yake taɓa su ba.

Sai mu fara da sunansa. Bahaushe yana da kalmar tun tuni: tantani, wato fatar nan marar kauri da mahauci ke ɗaye wa nama, ko wadda ake rufe bakin kalangu da ita. Tantanin tace ruwa rariya ce, sai dai ƙofofinta sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganin su. Ana auna su da mikron, wato a ɗauki milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Kaurin gashin kai ɗaya yana wajen mikron 70.

Duk wanda ya girma a ƙauyukan ƙasar Mirriya kafin shekara ta 2000 ya san mataci, ko da bai san mikron ba. Ƙyallen da aka riƙa rabawa a zamanin yaƙi da kurkunu, wanda ake ɗaurawa a bakin tulu, ƙofofinsa wajen mikron 100 ne. Ya isa, domin ƙwaron ruwan da ke ɗauke da tsutsar kurkunu yana kai kusan milimita guda. Da wannan ƙyalle da rijiyoyin da aka haƙa aka kori cutar, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da ita. A Bangaladash ma an yi makamancin haka da kwalara. Ƙwayar kwalara ƙarama ce ƙwarai, faɗinta wajen rabin mikron, amma tana son maƙalewa a jikin ƙananan halittun ruwa da suka fi ta girma nesa ba kusa ba. Aka koya wa matan ƙauye su ninka tsohon zanensu sau huɗu ko fiye su tace ruwa, kuma sakamakon da aka fitar a 2003 ya nuna cutar ta ragu da kusan rabi a inda aka yi hakan.

Rabin da ya saura shi ne dalilin tantani. Ƙwayar da ba ta maƙale a jikin kowa ba, zane ba ya tare ta, sai dai ta wuce kamar akuya ta ƙofar gari. Don haka aka yi tantani hawa-hawa. Na farko ƙofofinsa daga mikron 0.1 ne zuwa sama, yana tare laka, da ƙwan tsutsar ciki, da yawancin bakteriya. Na biyu daga 0.01 zuwa 0.1, shi yana kama har da yawancin ƙwayoyin bairos, irin na shan inna da ba su wuce mikron 0.03 ba. Na uku ya sauka wajen 0.001, yana riƙe rini da wani kaso na gishiri. Na huɗu kuwa kusan a ce ba shi da ƙofa, ruwa ratsa jikinsa yake yi idan an matsa shi da ƙarfi. Da shi ake cire gishiri daga ruwan teku a Saudiyya, kuma matsin da ake bukata a can ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 20. Wannan sai da wuta mai yawa da famfo mai tsada.

Yawancin tantanin da aka yi da robar bola yana hawa na farko ne da na biyu. A riƙe wannan da kyau, domin abin da ya narke a cikin ruwa, waɗannan hawa biyu ba sa ganinsa. Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun san zafin wannan magana. Rijiyar burtsatse da aka haƙa musu a tsakiyar shekarun 1980 ruwanta garau yake, amma yana ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima, har ɗaruruwan yara suka tashi da ƙafafu a lanƙwashe da haƙora masu tsatsa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Da za a zuba wancan ruwa ta cikin farar takardar ɗan ƙanwata, yadda ya shiga haka zai fito. Haka ma sinadarin nitirat, wanda ke tsatsafowa daga masai da taki zuwa rijiyoyin cikin gari.

Yadda ake yin tantanin shi ne wurin da abin ya fi ban sha'awa, kuma dabarar ba sabuwa ba ce. Wajen 1960 wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, suka gano ta. Ana narkar da roba a cikin wani ruwan sinadari har ta yi kaurin zuma, galibi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 roba, sauran sinadarin narkarwa. A zuba wannan ƙullu a kan gilashi, a ja shi da wuƙa ta musamman ya bazu siriri, kaurinsa bai wuce na takarda biyu ba. Sai a tsoma gilashin cikin ruwa. Shi sinadarin yana son ruwa, ita roba ba ta so. Nan take sinadarin ya fice ya bi ruwa, ruwa ya kutsa inda ya bari, roba ta rasa mai riƙe ta, ta daskare. Duk wurin da ɗigon ruwa ya tsaya lokacin da take daskarewa, nan ya zama ƙofa. Mai yin awara ta san irin wannan: da zarar ruwan tsami ya shiga madarar waken suya, abin da yake narke ya tattaru ya rabu da ruwa.

Abin da ya sa dabarar ta yi fice shi ne fuskar sama, wadda ta fara haɗuwa da ruwa, tana daskarewa da sauri ta yi wata 'yar fata mai ƙananan ƙofofi, ƙasanta kuwa ya zama kamar soso mai manyan ramuka. Fatar ce ke tacewa, soson yana tallafe da ita kawai. Idan aka ƙara yawan roba a ƙullun, ƙofofi su ƙanƙance, ruwa ya rage gudu. Idan aka rage, ruwa ya yi gudu, datti ma ya yi gudu. Zafin ruwan tsomawa, danshin iskar ɗakin, har daƙiƙoƙin da aka yi kafin a tsoma, duk suna sauya girman ƙofa. Wanda ya shimfiɗa ƙullunsa da hunturu, iska a bushe, da wanda ya shimfiɗa cikin Agusta, ba tantani ɗaya za su samu ba, ko da gwargwadonsu ɗaya.

Akwai hanya ta biyu, ta kaɗi. Ana ɗura ƙullun a sirinji, a haɗa allurar da wuta mai ƙarfin bolt 10,000 zuwa 30,000. Wutar ta fizgo zare daga bakin allurar, siririn da ya fi gashi sau ɗari ko fiye, ya riƙa faɗowa a kan faranti yana taruwa kamar saƙar gizo-gizo. Ramukan da ke tsakanin zaruruwan su ne ƙofofin. Yana barin ruwa ya wuce da sauri, yana da kyau wajen raba mai da ruwa da kuma tace ƙura daga iska, amma injin ɗakin bincike yakan yini bai yi abin da zai rufe faifai biyu ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi shafar mu: wace roba? Mu a bakinmu duk roba roba ce, amma a wurin sinadari dangi ne da ba sa ga maciji da juna. A juya gindin gora ko bokiti, za a ga lamba cikin alama mai kusurwa uku, daga 1 zuwa 7. Masana'antun Amurka ne suka fito da tsarin a 1988. Lamba 1 ita ce PET, ta gorar ruwa da ta lemo. Lamba 2 da 4 foliyetilin ne, mai tauri da mai laushi: bido, buta, baƙar leda, ledar ruwan sanyi. Lamba 3 ta bututun famfo ce, 5 ta buhun shinkafa da kujerar roba, 6 kuma farin soson nan da ake tallafe firji da talabijin da shi a cikin kwali.

Lamba 6 ita ce mai sauƙin kai. Masu liƙin kwanon rufi sun san haka: a jefa farin soson cikin fetur, ya narke ya zama danƙo, a toshe yoyo da shi. Sai dai tantanin da aka yi da ita yana da saurin karyewa, kuma ba ya son ruwa, sai an haɗa shi da wani abu kafin ruwa ya yarda ya ratsa shi. Lamba 1 tana ba da tantani mai ƙarfi, shi ya sa ta fi yawa a rubuce-rubucen masana, amma ba ta narkewa sai a sinadarai masu zafin rai, irin wani asid da ake kira TFA, mai cin fata, wanda kuma ba ya ruɓewa idan ya shiga ruwa ko ƙasa. Guntun sigari ma ana yi da shi, domin audugar da ke gindinsa dangin robar da Loeb da abokinsa suka fara aiki da ita ce.

Lamba 2 da 4 kuwa, kowa ya san halinsu ko da bai taɓa shiga ɗakin bincike ba. Mai sayar da fetur a bakin titi a cikin bido yake ajiye shi wata da watanni, bidon bai narke ba. Foliyetilin ba ya narkewa a kowane sinadari in dai a sanyi ne. Sai an dafa shi da sinadarin a zafin da ya kai ko ya wuce na tafasar ruwa, sannan a sanyaya a hankali, a wanke sinadarin. Ko kuma a narkar da shi da wuta a injin masana'anta, a ja shi ya yi siriri, a miƙar da shi har ya tsattsage ƙananan ƙofofi. Duka biyun ana yi, amma da sabuwar roba mai tsabta. Ledar da ta sha rana a kan ƙaya ta riga ta gaji, tana ɗauke da tawada, da baƙin rini, da yashi, da man ƙosai.

Ka ga inda gizo ke saƙar. Robar da ta addabi Zinder, wadda ke toshe magudanai da damina, wadda mahauta ke cirowa dunƙule-dunƙule daga tumbin shanu da awaki, ita ce lamba 2 da 4, wadda ta fi wuyar zama tantani. Wadda masana suka fi so, gora, a nan ba shara ba ce. Je ka kasuwar Dole ka gani. Gora tana da masu tsinta, masu wankewa, masu sayarwa. Ta fita daga hannun mai shan ruwa ta koma ta zobo, ta kunun aya, ta man gyaɗa, ta maganin gargajiya, daga ƙarshe ta kalanzir ko man inji. Ba ta isa bola sai ta fashe. Abin da a Turai ake biyan kuɗi a kwashe, a nan sai an saya. Dokar da Nijar ta kafa a 2014, ta hana shigowa da ledoji marasa kauri da sayar da su, tana nan a takarda, ledar kuma tana nan a kan aduwa.

Ko da a ce gorar tana zube kyauta, akwai lissafin da na yi wa ɗan ƙanwata a bayan kwalin shayi. Ɗauki tantani mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, kaurinsa kashi ɗaya cikin goma na milimita. Kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa rami ne. Robar da ke ciki wajen giram 40 ce, wato gorar lita ɗaya da rabi guda ɗaya da 'yan kai. Wannan mita ɗaya ta ishi gida guda ruwan sha. Mu ƙaddara gida 50,000 a cikin garin, kowanne an ba shi nasa: tan 2 ke nan na roba. Ko motar yashi ɗaya ba ta yi nauyi da shi ba. A duniya kuwa, lissafin da masana suka fitar a 2017 ya ce an ƙera roba tan biliyan 8.3 tun daga 1950, kuma daga cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. A 2019 kaɗai sharar roba ta kai tan miliyan 353. Kyan tantani shi ne rashin kaurinsa, kuma wannan rashin kaurin ne ya sa ba zai taɓa cinye bola ba. Wanda ke son rage leda a titi, masu narka ta da yashi suna buga dutsen daɓen titi, da 'yan jari-bola masu tara fasassun bokitai ana kai wa injinan niƙa, sun fi shi ci nesa ba kusa ba.

Sai kalmar "mai ɗorewa" da ake yawan liƙa wa wannan aiki. Ni ina ɗan jan ƙafa a kanta. Don a ceci giram 40 na roba, sai an zuba sinadarin narkarwa wajen giram 230, kuma dukkansa yana ƙarewa ne a cikin ruwan da aka tsoma gilashin, lita masu yawa. Biyu daga cikin sinadaran da masana'antar tantani ta fi dogara da su, NMP da DMF, suna cutar da ɗan tayi, har Tarayyar Turai ta ɗaure amfani da su da sharuɗɗa, na farko daga 2020, na biyu daga ƙarshen 2023. Babban kamfani yana tafasa ruwan tsomawar ya maido da sinadarinsa ya sake aiki da shi. Ƙaramar masana'anta a bayan gari, wadda wuta ke ɗauke mata sau uku a yini, ina za ta kai nata? In kwata ta zuba, ta tsince gora ɗaya daga bola ta ɓata ruwan da ya fi gorar daraja. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masana sun san da wannan, shi ya sa ake ta neman sinadarai masu sauƙin illa. Man ɓawon lemu yana narkar da lamba 6 sarai, akwai kuma wani da ake samu daga garin katako. Amma waɗanda ke narkar da gora cikin sauƙi har yanzu masu zafin ne, masu sauƙin kuma suna da tsada, kuma daga waje za a shigo da su. A kuɗin yin tantani, robar ita ce mafi araha. Tsadar tana wajen sinadari, da inji, da gwaji.

Gwajin nan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Gorar da ta zaga gari ba ta zuwa da tarihinta a rubuce. Ba wanda ya san ko fiya-fiya aka taɓa zubawa a ciki, kuma roba tana shan wani abu daga abin da ta ɗauka. Ita kanta PET ana haɗa ta da ɗan sinadarin antimoni, wanda ma'aunin lafiya bai yarda ya wuce mikrogiram 20 a litar ruwan sha ba (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma zafi yana ƙara fitowarsa. A gora, fuska ɗaya ce ke taɓa ruwa. A tantani, kowane rami fuska ne, ruwa yana shafar robar ta ko'ina, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Ga ragowar sinadarin narkarwa in ba a wanke shi sosai ba. Ga ɓurɓushin roba in tantanin ya tsufa ya fara marmashewa. Sannan ga huda. Ƙofa ɗaya mai girman bakin allura ta isa dubban ƙwayoyin cuta su bi, ruwan kuma ya fito fari tas. Ƙyallen kurkunu in ya yage, uwar gida tana gani ta ɗinke. Tantani in ya huje, sai na'ura. Matar da ta yarda da mataci takan daina tafasa ruwa da sa masa magani, don haka mataci mai huda ya fi rashin mataci haɗari.

Toshewa kuwa ba makawa. Ruwan tafki na watan Satumba, ja wur da laka, zai rufe ƙofofin cikin sa'o'i kaɗan. Dole a fara kwantar da lakar da alif ko garin ƙwayar zogale, a bi da shi ta yashi, sannan a kai ga tantani. Masu bincike a Suwizalan sun nuna cewa in aka bar ruwa yana sauka da nauyinsa kawai, ba famfo, gudunsa yakan ragu sannan ya tsaya wajen lita 4 zuwa 10 a awa a kowace mita ta tantani, ya daɗe a haka ba tare da wanki ba. Wannan labari ne mai daɗi ga garin da wuta ba ta da tabbas. Sharaɗin shi ne kada tantanin ya bushe, domin da yawansu in sun bushe ƙofofinsu sukan rufe ko su tsage. A gidan da ake kwana uku famfo bai ɗiga ba, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne.

Nan muka iso ga asalin ciwon Damagaram. Mataci ba ya haifar da ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune, duwatsun da ke tsaye a unguwar Birni su ne shaida, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa sai ɗan abin da ya maƙale a tsaga. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar lokacin da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa, ga jama'ar da ta haura 300,000 tun a ƙidayar 2012. Ruwan sama wajen milimita 400 ne a shekara, cikin wata uku zuwa huɗu. Layin bidon da ake gani a bakin famfo da bazara, ba layin masu neman mataci ba ne.

Duk da haka ban ce wa yaron ya watsar da abin ba, domin akwai inda nake ganin zai yi rana, kuma ba a randar sha ba ne. A garin da ruwa ke da tsada haka, duk litar da aka yi aiki da ita sau biyu riba ce. Majema suna jiƙa fata, su wanke, su sake wankewa, ruwan ya tafi da gashi da kitse da toka da bagaruwa. Marina suna zubar da ruwan ɗauraya mai launi. Masu wankin mota da babur suna sakin ruwa mai haɗe da baƙin mai, mahauta suna sakin mai jini. A irin waɗannan wurare ba a neman ruwan ya kai na sha. Ana so ne ya yi kyan da za a sake wanki da shi, ko a kwaɓa ƙasar tubali, ko a shayar da itatuwa. Raba mai da ruwa kuwa yana cikin ayyukan da tantanin gora da na farin soso suka fi nuna ƙwazo a gwaje-gwaje. In ya huje, asarar ita ce ruwan wankin mota ya ɗan yi duhu, ba yaro ne zai kwana yana gudawa ba. A nan ne ɗalibi zai koyi abin da takardun waje ba za su gaya masa ba: kwana nawa tantanin ke yi a zafinmu, da ƙurarmu, da ruwanmu.

Ruwan sha kuma yana da wani ɗan takara da ya fi kusa da hannunmu. A Gwatamala, a 1981, Fernando Mazariegos ya fito da matacin tukunya: a kwaɓa yumɓu da garin katako ko ƙaiƙayi, a gasa, garin ya ƙone ya bar ƙananan ramuka, ruwa ya riƙa tsatsafowa lita ɗaya zuwa uku a awa. Ba asid, sai ɗan ruwan azurfa da akan shafa masa don kashe ƙwayoyin cuta. Maginan tukwane na Mirriya suna da yumɓu da hannu da wuta. Shi ma sai an gwada kowace tukunya kafin a sayar, shi ma ba ya cire fulorayid, kuma bai kai tantani hawa na biyu kama bairos ba. Amma duk mai son kawo tantanin gora gidajen mutane, da wannan tukunya zai gwada farashinsa, da ita da ƙwayar maganin ruwa da ake jefawa a bido.

Akwai kuma ranar da tantanin zai mutu, bayan shekara ɗaya ko biyu ko uku. Roba ce dai har yanzu, sai dai yanzu ta ƙoshi da duk abin da ta tare. In na ruwan wankin mota ne, ana iya jefa shi cikin tukunyar masu dutsen daɓe. In na majemar zamani ce mai aiki da sinadarin kurom, ba a so ya je bola inda awaki ke kiwo, ba a so a ƙone shi a tsakar unguwa.

Ɗan ƙanwata ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, daga ina zan fara?"

Na ce ya fara da sanin abin da ke bolarmu, kafin ya nemi sinadari. Ya sami buhu, ya hana yara fitar da sharar gidan har mako guda, ranar Juma'a bayan la'asar ya zazzage ta a tsakar gida yana warewa lamba-lamba da tsinke. Ledar ruwan sanyi da baƙar leda suka yi tsibi har gwiwarsa. Ga ƙyallayen buhu, ga marfin buta, ga rabin silifa. Farin soso ko ɗaya babu. Gora biyu ya samu, ya wanke su ya kife a kan katanga su bushe, ya tafi masallaci. Kafin ya dawo uwargida ta ɗauke su, ta ce gobe akwai zobo.